Tsuntsuwar da Ta Sure Sunan Ɗan Tasalla

Ku matso kusa, ga wata tatsuniya nan ta fito daga bakin gulbi jiƙe sharkaf, ku karɓe ta yadda ta zo.

A wani ƙauyen masunta da ake kira Tungar Giyayya an yi wata mata, Tasalla, matar wani masunci Arzika. Sana'arta bandar kifi. Duk tungar an san kifinta ba ya tsutsa, an kuma san idan aka taɓa ta sai an ji a jika. Allah ya ba ta haihuwar fari, namiji. Uban ya yi masa huɗuba a kunne tana kwance tana ji, ta kau da kai kamar ba da ita ake ba, don kun san uwa ba ta kama sunan ɗan fari.

To, a bakin ruwan tungar akwai wani busasshen itace, kuma a kansa wata tsuntsuwa ke sauka kowace shekara idan ruwa ya fara janyewa, ta tashi kafin damina. Cikinta fari tas, bayanta ruwan ƙasa, ga wani baƙin zane ya ratsa idonta kamar an ja mata kwalli. Ba ta cin komai sai kifi. Takan tsaya cak a sama tana kaɗa fiffike, ta dunƙule, ta faɗo da ƙafafu a gaba, ruwa ya rufe ta ruf, sannan ta fito da kifi ta karkaɗe jiki a iska. Inda ta faɗa, nan masunta ke jefa koma, kuma ba sa dawowa hannu wofi. Amma ba mai kiran sunanta. 'Yar Gida suke ce mata, wasu su ce Waccan.

Ranar suna aka taru da sassafe a ƙofar gidan Arzika, ga rago a ɗaure, ga goro ana rabo. Wani maroƙi baƙo da ya biyo jirgin fatake ya hango tsuntsuwar a kan itace, ya ce, "Jama'a, wace ce waccan mai kwalli, in saka ta a waƙa?"

Aka dubi juna. Can wani ya ce, "Oho. Juhurma ce dai, gaggafar ruwan nan, ko wata danginta."

Maroƙi ya toshe kunne ɗaya ya ɗaga murya, yana cewa Juhurma mai farin rawani, Juhurma uwar masunta, ita ta ci da Tungar Giyayya tun kaka da kakanni. Tsuntsuwar ta juyo da kai a hankali, ta zuba wa taron ido.

Liman ya gyara zama ya ce, "Sunan yaro..." Sai ga wani ɗan abu ya fito daga bakinsa yana walƙiya a iska kamar ɗan kifin azurfa. Kafin a ƙifta ido tsuntsuwar ta faɗo ta sure shi. Liman ya tsaya baki buɗe. Ya dubi Arzika, Arzika ya dafe kai, sunan da ya raɗa da bakinsa ya ɓace masa ƙaƙaf. Aka tambayi Inna Yalwa, uwar Arzika, wadda ta yini jiya tana tsokanar jaririn da sunan, ita ma babu. Liman ya ce a sa wani. Ya faɗi wani, ta sure. Ya sake wani, ta sure. Sannan ta tashi da su duka ta nufi mafarin gulbi.

Nan take ruwan da ya janye ya fara dawowa, yana rarrafowa kan yashi har ya taɓa dangar gidan, kuma daga cikinsa ana jin dariyar mata ƙasa-ƙasa. A cikin ɗaki jaririn ya daina kuka. Tasalla ta taɓa shi ta ji sanyi, ta juya shi, sai ga ɓawon kifi guda ya tsiro masa a bayan kunne.

Ta fito tsakar taron maza da zanin jego, abin da ba a taɓa gani ba. Ta tsaya gaban Sarkin Ruwa Maidamma, tsohon da ke riƙe da asirin gulbin, ta ce, "Baba, me ke faruwa da yaron nan?"

Tsohon ya sunkuyar da kai. Ya ce, "'Yar nan, dokar 'yan ruwa ce. Ɗan da ranar sunansa ta zo ba a kira shi ba, nasu ne. In ɓawon nan ya rufe ƙirjinsa, sai dai ki miƙa shi."

"In miƙa wa wa? Kuna zaune da rawunanku tsuntsuwa ta shigo har bakin liman, ba wanda ya ɗaga ko sanda."

Ya ce, "Daga harshen duk wanda ya taɓa faɗinsa ta zare shi. Ke fa, kina tune da shi?"

Tasalla ta gyaɗa kai. Ita ba ta taɓa ɗora shi a harshe ba, yana nan kwance a ranta.

Tsohon ya ce, "To kada ki kuskura ki faɗe shi a nan. Za ta dawo ta sure, shi ke nan an rasa. Sai an bi ta har gida."

Arzika ya miƙe ya ce shi zai tafi. Tasalla ko kallonsa ba ta yi ba, ta ce, "Ka je ka nemo abin da ba ka san kamanninsa ba? Zauna ka tsare ragonka."

Inna Yalwa ta riƙo mata hannu. "Ke da ɗanyen jiki? Ko kunu ba ki sha ba."

"A rufe mini shi, Inna, in na dawo na sha."

Ta goya yaron ta ɗaure da majanyi tamau. Ta ɗauki kaskon garwashin da take banda da shi, da ƙunshin ɓawon gyaɗa da busasshen barkono, ta shiga jirgin mijinta, ta dafa gora ta tunkuɗa.

Ta yi ta tafiya tana fuskantar ruwa, har ta wuce iyakar inda masunta suka sani. Bishiyoyin gaɓa suka koma saiwa a sama, ganye a ƙasa. Can sai ta faɗa cikin wata kasuwa da ke ci a kan ganyen bado. Masu kasuwar mata ne farare sol, gashinsu har diddige, suna baje kolin duk abin da ya taɓa nutsewa a gulbi, zobba da ƙoruka da takalma ƙafa ɗai-ɗai. 'Yan ruwa ke nan. Da suka hango goyon, kasuwa ta watse, suka kewaye jirgin.

Babbarsu ta dafa bakin jirgi da yatsu masu fata a tsakani, ta ce, "Maraba da 'yar Adam mai ladabi. Ba mu aika ba, kin kawo mana ɗanmu da kanki."

Tasalla ta ce, "Ɗauke hannunki daga jirgin mutane."

"Wanda ba shi da suna ba shi da uwa. Mu za mu ba shi. Duk sunan da ya waiwaya ya amsa, ya zama namu."

Suka fara kira da muryoyi masu daɗi, wannan ta ce Ɗan Kumfa, waccan ta ce Ɗan Raɓa, wata ta ce Ango. Tasalla ta ji kan yaron yana motsi a bayanta, yana neman juyawa. Ta watsa ɓawon gyaɗa a kan garwashi, ta bi shi da barkono, ta kama gefen zani ta yi ta fifita. Hayaƙi ya turnuƙe. Matan da ba su taɓa sanin wuta ba suka kama tari da atishawa, gashinsu ya cuɗe da na juna.

Tasalla ta ce, "Shekara nawa ina bandar 'yan'uwanku, ku ne za ku gagare ni? Wadda ta sake taɓa jirgin nan sai na shanya ta a kan wayar banda."

Suka nutse ɗaya bayan ɗaya. Babbar ta leƙo da jajayen idanu ta ce, "Wuce. Ba ma gaggawa. Ɓawon ya kai wuyansa."

Tasalla ta kai hannu baya ta shafa, ta ji gaskiya ne. Ta ciji leɓe ta ƙara wa gora ƙarfi.

Ba ta yi nisa ba gulbin ya miƙe tsaye a gabanta kamar ganuwar birni, ruwan yana gudu sama. Ta yi bismilla, ta kwanta rub da ciki a cikin jirgi ta rungume katako, jirgin ya kama hawa. Gajimare ya wuce ta gefen kunnenta. Da ta kai ƙoli, gulbin ya sake kwantawa ya ratsa tsakanin wasu duwatsu biyu. A kan ɗayan dutsen wata ƙatuwar tsuntsuwa ce zaune, kai da ƙirji fari kamar rawani, jiki ja, ta yi ƙiba har wuyanta ya ninke. Ta jefa kai baya ta saki wata ƙara da ta sa duwatsun rawa.

Ta ce, "Tsaya, 'yar Adam. Ni ce Juhurma, uwar masunta, wadda aka yi wa kirari yau da safe a garinku. Har nan na ji shi, kuma ya yi mini daɗi. Me kika kawo mini?"

Tasalla ta ce, "Sunan ɗana na zo karɓa."

"Yana wurina. Ajiye guzurinki duka, in duba miki."

Tasalla ta ƙare mata kallo. Babu kwalli a idon, ga baki kamar ganga, ita kuwa tsuntsuwar da ta sani ba ta cika magana ba. Ta zare munduwar hannunta ta jefa a ruwa, aka ga tana sauka tana ƙyalli. Ta ce, "Ranki ya daɗe, wadda ke ci da garinmu nutso take yi. Ɗauko mini."

Juhurma ta sauko da fankama, ta ja farce a kan fuskar ruwa, ta koma. Ta sake zagayowa, ta sake karta, ta koma dutse tana gyara gashi. Ta ce, "Irinmu ba ma jiƙa riga."

"To me kike ci har kika yi wannan wuya?"

"Nan nake zama. In mai kwallin nan ta dawo da kifi, in bi ta da ihu har ta saki."

Tasalla ta ɗaga gora. Ta ce, "Ashe ke ce 'yar fashin. Kin ci kifinta, yau kin haɗa da kirarinta, ni kuma ɗana ne zai biya. Kauce, ko in fasa wannan rawanin da gora."

Juhurma ta ja da baya tana gunaguni, Tasalla ta wuce.

Bayan duwatsun sai ga wani tafki, ruwansa garau har ana ganin tsakuwar ƙasa, ƙananan kifaye a ciki ba iyaka. A tsakiyarsa ginshiƙan dutse ne dogaye, kowanne da gida a kansa na ƙirare, an jibga sabo a kan tsoho tun zamanin da ba mai tunawa. Mutanen wannan birni na ginshiƙai suna tsaitsaye a ƙofofinsu, dogaye, idanunsu rawaya, kowa da zanen kwalli har kunne. Ba wanda ya ce mata sannu, ba wanda ya ce mata koma. Jirgin ya ja kansa har gindin ginshiƙin da ya fi tsawo, inda wata tsohuwa ke zaune a kan dutse, da farar riga da mayafi ruwan ƙasa, tafin hannunta kaushi kamar dutsen niƙa. Tasalla ta gane ta tun daga ido.

Tsohuwar ta ce, "Ke 'yar Adam, wa ya nuna miki hanyar da ba a nuna wa masu kwana a ƙasa?"

"Ke kika nuna mini, da kika shigo gidana kika yi sata."

Mutanen ginshiƙai suka motsa, aka ji ƙarar fukafukai a ƙarƙashin mayafai. Tsohuwar ta ɗaga hannu suka tsaya.

Ta ce, "Sata. Zauna ki ji wanda aka yi wa sata. A zamanin kakanku na farko, Nagoma, gulbi ya ɓoye kifinsa, kuna binne 'ya'yanku saboda yunwa. Ni na nuna masa inda kifi yake. Muka ƙulla alkawari, na ba shi abin da ya fi komai tsada a wurinmu, na ba shi sunana. Mu in mun ba da suna, ya bar hannunmu ke nan, a bakin wanda aka ba yake rayuwa. Ya karɓa da hawaye, ya ce daga yau ni ce 'yar farin Tungar Giyayya. Tun daga ranar ban sake jin sunan nan ba."

Muryarta ba ta tashi ba, amma ruwan tafkin ya kama rawa.

"Kowace shekara nakan ƙetare ruwan gishiri, in ƙetare rairayin da ba inuwa, in zo in zauna a kan itacen nan ina saurare. Waccan. 'Yar Gida. Nagoma ya mutu, 'ya'yansa suka mutu, jikoki suka mutu, ina nuna muku kifi kuna ce mini Waccan. Har na wayi gari na nemi sunan a raina na rasa. Mutanena ma ba su da abin da za su kira ni. Duk na haɗiye. Sai yau, ina zaune ina kallo, kuka ɗauki wahalata kuka naɗa wa wadda ke ƙwace abinci daga ƙafata. To ku ɗanɗana. Ku ma ku ga yadda ɗa ke zama babu suna."

Tasalla ta ce, "Ki dubi wuyan yaron nan. Shi ya yi miki waƙa?"

"Sunansa na cikin tafkin nan tare da kifayen da kike gani. Ba a kama shi da koma. Wanda ya san shi ya kira, zai taso. Kin san shi. Kira."

Tasalla ta buɗe baki, harshen ya ƙi. Tun tana yarinya ba ta taɓa jin uwarta ta kama sunan yayanta ba, har tsohuwar ta koma ga Allah. Ta ji kamar an ce ta tuɓe zani a kasuwa.

Tsohuwar ta yi wata dariya marar daɗi, ta juya ga mutanenta. "Kun gani? Ɗan cikinta ma ƙyamar sunansa take yi. Haka jininsu yake, raini ne da su har ga abin da suka haifa."

"Raini?" Tasalla ta miƙe tsaye a cikin jirgi har ya yi tangal-tangal. "Na taso da ɗanyen jiki, na ratsa 'yan ruwa, na hau gulbi a tsaye, ki ce raini? Ke da kika shekara ɗaruruwa a kan itacenmu, ba ki taɓa lura ba? A wurinmu abin da ya fi girma a rai shi ake ɓoye sunansa. Mace ba ta kiran mijinta. Uwa ba ta kiran ɗan fari. Da Nagoma ya ce ke 'yar fari ce, ya ɗora ki inda ba ya ɗora kowa, shi ya sa ya kulle bakinsa."

Tsohuwar ta kafe ta da rawayan idanunta. Can ta ce, "Wace irin ƙauna ce wannan, da za a ba ta ajiya ta danne har ajiyar ta mutu?"

Tasalla ta sauke kai. Ta tsaya tana huci. Sannan ta ce, "Nan kam sun yi wauta, kuma da Nagoma na kusa da na faɗa masa a ido. Ɗan fari, iyayensa kaɗai ke ɓoye sunan. Kakanni na kira, maƙwabta na kira, abokan wasa na kira har da zagi. Ke kuwa duk gari suka zama iyayenki, ba a bar ko mutum ɗaya da zai kira ki ba. An cuce ki, ban musa ba. Amma ke ma da bakinki. Da kin sauko kin tambaya tun Nagoma na da rai, da ba ki zo kina huce haushinki a kan jariri ba."

Sai ta ji goyon ya yi nauyi, sanyinsa ya ratsa zani. Ta kwance majanyi ta juyo da shi. Ɓawon ya gangaro daga wuya, ya fara shimfiɗuwa a saman ƙirji, yaron yana buɗe baki yana rufewa ba sauti.

Ta dubi tafkin ta ce a hankali, "Zubairu."

Kifaye suka ci gaba da yawonsu.

Tsohuwar ta ce, "Ba ya jin raɗa."

Tasalla ta rungume yaron, ta cika ƙirji da iska, ta ƙwala kira har ginshiƙan suka amsa. "Zubairu!"

Can ƙasan tafkin wani ɗan abu ya yi walƙiya ya juyo. Tsohuwar ta yar da mayafi, sai ga tsuntsuwa. Ta yi sama, ta tsaya cak, ta dunƙule ta faɗo. Ruwa ya tashi ya rufe ta, har Tasalla ta ɗauka ba za ta fito ba. Sai ga ta ta ɓullo tana dukan ruwa da fukafukai, ɗan kifin azurfa na mutsu-mutsu a ƙafarta. Ta sauka a bakin jirgi, amma ba ta saki ba.

Ta ce, "Naki ya fito. Nawa fa?"

"Wanda kika ba Nagoma ya bi shi kabari, ba ni da yadda zan yi in tono shi."

"To ba ni da dalilin buɗe ƙafata."

Tasalla ta dube ta, ruwa na ɗiga daga gashinta, ga idon nan rawaya da ya gaji da jira. Haushinta bai tafi ba, amma ta ga abin yi. Ta ce, "Yau ranar suna ce, kuma rago na nan a ɗaure. In an rasa na da, sai a raɗa sabo. Na ga masu cin kifi iri-iri, kowa daga sama yake karta, ke kaɗai ke faɗawa ruwa gaba ɗayanki. Sunanki Tsunduma."

Daga kan ginshiƙai aka ji wata murya ta gwada shi a hankali, wata ta karɓa, har birnin da ba a magana ya cika da shi. Tsuntsuwar ta rufe ido tana saurare.

Ta ce, "Na farkon ya ɓace mini, amma na san wannan bai kai shi daɗi ba."

Tasalla ta ce, "Ni ma ba gwaninta na zo yi miki ba. Saki."

"Da sharaɗi. Sunan da aka tsamo daga ruwan nan, bakin da ya kira shi ne kaɗai zai iya tsayar da shi a duniya. Liman ba zai iya ba, ubansa ba zai iya ba. Ke za ki faɗe shi a gaban garinku, da ƙarfi yadda kika yi yanzu, ki haɗa da nawa. In kika ji kunya, duka biyun sun mutu. Kuma a bar yara da marasa ta-ido su riƙa kirana. Na gaji da girma."

Ta buɗe ƙafa, ɗan kifin ya yi tsalle ya shige bakin Tasalla ya kwanta a ƙarƙashin harshenta. Tsunduma ta buɗe fukafukai har suka rufe rana, ta kama jirgin da ƙafa biyu, ɗaya gaba ɗaya baya, ta juya kansa ya fuskanci hanya yadda take riƙe kifi. Suka wuce ta kan Juhurma tana ihu, suka wuce ta kan kasuwar 'yan ruwa, sai ga su a Tungar Giyayya rana ta karkata. Tsunduma ta ajiye jirgin, ta koma kan busasshen itacenta.

Ruwa ya riga ya shiga tsakar gida har idon sawu. Taron bai watse ba, maza na tsaye da wanduna a naɗe, mata sun cika bakin danga. Ga liman, ga Sarkin Ruwa, ga baffannin Arzika da kawunnansa, duk surukan da Tasalla ba ta taɓa haɗa ido da su ba. Ta fito daga jirgi da yaron a hannu, ta ratsa har tsakiya.

Liman ya ce, "Kin samo? Raɗa wa mijinki ya faɗa mini."

Ta girgiza kai. Ta dubi ƙasa, ta dubi ƙirjin yaron inda ɗan wuri kaɗan ya rage ba ɓawo. Ta ɗaga kai ta dubi surukan nan ɗaya bayan ɗaya, ta ce, "Sunan ɗana Zubairu."

Mata suka rufe baki da mayafi. Wani baffa ya juya baya yana salati. Wata daga bakin danga ta ce, "Yau mun ga rashin kunya, ɗan fari a bakin uwa."

Tasalla ta juya wajen muryar. "Ba ki ji da kyau ba ne? Zubairu. In ƙara? Waccan kuma da ke kan itace, wadda kuka ci arzikinta kuka kashe mata suna, Tsunduma take. Kowa ya faɗa in ji. Kai maroƙi, da kai za a fara."

Maroƙi ya faɗa. Yara suka ɗauka da ihu, suna tsalle a ruwa. Sarkin Ruwa ya faɗa, manya suka bi shi a ɗarare. Arzika kuwa sai maimaita sunan ɗansa yake yi yana hawaye, ya manta shi ma uba ne. Liman ya shafa fatiha, aka kwantar da rago.

Ruwan ya fara ja da baya, yana barin kumfa a kan yashi. Ɓawon ya zubo daga jikin yaron kamar ƙaiƙayi. Ya yi atishawa, ya murtuke fuska, ya tsala kukan da aka ji har ƙetaren gulbi.

Inna Yalwa ta matso tana share ido da gefen zani. Ta ce, "Kin dai faɗa, 'yar nan. A gaban surukai, har sau biyu."

Tasalla ta gyara lulluɓinta, ta sunkuyar da kai, ta miƙa mata jaririn. Ta ce, "Inna, karɓi wannan yaron, hannuna ya gaji."

Ƙurunƙus, kan tarwaɗa. Wanda ya ji ƙaya ya tofar.